Ɗakin Inna

Gaya, ƙarshen sanyi

Zuwa ga maigidana, Baban Misbahu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya jikin Inna? Allah Ya ƙara mata sauƙi, Ya sa kaffara ce. Yaya ƙanwarka Basira da ɗawainiyar jinya, yaya kuma kasuwar Yamai? Mu nan lafiya lau. Misbahu da Bara'atu suna gaishe ka, kullum sai sun tambaye ni ranar da kakarsu za ta dawo.

Za ka yi mamakin ganin takarda alhali da waya a hannunka, da waya a hannuna. Dalili shi ne duk sa'ad da na ɗauko magana sai ka ce ga mai saye ya shigo, ka kashe. Na kuma rubuta da Hausa, ba da Faransancin da nake koyarwa a lakwal ba, domin raina a ɓace yake, kuma ɓacin raina bai iya Faransanci ba.

Ranar Talata na dawo daga lakwal na tarar an juye yashi a ƙofar gida har ya tare zaure, ga bulon siminti an jera a jikin katanga. Na shiga na iske Yunusa mai gini a tsaye cikin ɗakin Inna da takalmansa, yana auna bango da igiya. Na tambaye shi wa ya ba shi izinin shiga. Ya ce kai ne. Wai ka ce a rushe ɗakin tun Inna tana can wajenka, a yi mata na siminti mai rufin tol, wato kwano, da daɓen karo, tayil ɗin nan mai santsi, da makewayi a ciki, in ta dawo ta tarar da abin mamaki. Na ce masa ya naɗe igiyarsa ya fita. Ya fita, na sa kwaɗo, mabuɗin yana ɗaure a bakin zanena.

Baban Misbahu, ni da nake kwana a gidan nan, a bakin mai gini zan ji abin da za a yi a cikinsa? Wannan ma na iya haɗiyewa. Abin da ya ƙi wucewa ta maƙogwarona shi ne mai ɗakin tana da rai, kuma ba wanda ya tambaye ta.

Ka san ɗakin nan fiye da ni, a ciki aka haife ka. Kawu Dodo, yayan Inna, shi ya ɗora tubalinsa shekarar da aka kawo ta amarya, shi ya shiga fadama ya zaɓo giginyar da aka tsaga azararsa. Kaurin bangon ya kai kamu guda. Daɓen da Yunusa ya taka da takalmi, ita da maƙwabciyarmu Bibata suka buga shi da hannunsu, suka shafe shi da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, har yana ɗaukar ido. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai ta sa an yi yaɓe, ta tsaya da kanta a duba indararo. In bazara ta kama, duk gidan nan babu inda mutum zai iya runtsawa da rana sai nan, shi ya sa 'ya'yanka suke guje wa ɗakina su je su baje a tabarmarta.

Ba na cewa duk tunaninka banza ne. Wadda ɓarin jikinta ya shanye tana bukatar makewayi kusa, tana bukatar ƙofa mai faɗi. Amma ana iya faɗaɗa ƙofa, ana iya haɗa makewayi a jikin ɗakin ta baya. Kawu Dodo yana nan da ransa a ƙauyensu na bayan Yelu, ko bai hau bango ba zai iya tsayawa ya nuna.

Kuma bari in faɗa maka abin da na gani, tun da ba za ka faɗa ba. Ranar da ciwon ya buge ta, abokanka 'yan kasuwa suka zo da mota suka taya ka fito da ita. Na ji ɗayansu yana cewa ashe mahaifiyar mutum kamarka har yanzu a ɗakin ƙasa take. Na ga yadda fuskarka ta canza. Don shi kake son yin ginin nan, ba don ita ba, shi kuwa ko dare ɗaya ba zai kwana a ciki ba.

Ina roƙonka ka dakatar da Yunusa. Ka kuma sa a ba Inna waya mu gaisa, tun da kuka tafi ban ji muryarta ba, kullum sai a ce mini tana barci.

Ka gaishe ta da kyau, ka gai da Basira. Allah Ya tsare mini kai.

Matarka,
Jannatu


Gaya, farkon bazara

Zuwa ga Baban Misbahu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gai da mai jiki, da fatan an samu sauƙi. Yara suna lafiya, sai zafi da ya fara matsa mana.

Saƙonka ya iso ta bakin direba. Ka ce in bar zancen gini, abin da ke gabanka ya fi wannan, wai Inna ta rikice, tana ta surutai marasa kan gado, shi ya sa kuke ɓoye mini ita. Ka ce wasu sun ce iska ce, har kun kawo mai yi mata tofi da hayaƙi.

Na matsa wa Basira sai da ta ɗauko mini muryarta a waya ta turo. A tsaye na fara saurara a tsakar gida, ban san lokacin da na zauna a kan turmi ba. Baban Misbahu, mahaifiyarka ba ta haukace ba, babu kuma iskar da ta shige ta. Kyanganci take yi. Harshen uwarta take yi muku.

Ni ban iya shi ba, amma na tsinci kaɗan. Tun ina amarya nake jin ta tana yi wa awaki faɗa da shi, da shi ta yi wa 'ya'yanka rarrashi sa'ad da nake wankan jego. In muna surfe mu biyu nakan tambaye ta sunan abu kaza, ta faɗa mini tana dariyar yadda bakina ke karya shi. A cikin muryar nan na ji kalmar ruwa, na ji wuta, na ji baya. Na je na sami majo, babban malamin jinya, a asibitin unguwarmu na ba shi labari. Ya ce yana faruwa, irin wannan ciwo yakan tafi da harshen da mutum ya koya daga baya ya bar masa na yarinta.

Ranar Asabar na hau kabu-kabu na tafi wajen Kawu Dodo. Na iske shi a gindin mangwaro yana gyaran ƙotar fartanya. Na kunna masa, ya manna wayar a kunne, ya sa na sake kunnawa. Sai ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa. Ya ce rabon da ya ji ƙanwarsa ta yi magana mai tsawo haka da harshensu tun ranar da aka binne uwarsu.

Ga surutan da kuka ce ba su da kan gado, yadda Kawu ya fassara mini su. Tana cewa bayanta yana ci kamar wuta, a juya ta. Tana cewa abin nan na jikin bango mai hura sanyi yana shiga mata ƙashi, a kashe shi. Tana son ruwan randa, na firigo yana sare mata haƙori. Tana tambaya me ta yi ake turara ta da hayaƙi har ba ta iya numfashi. Tana cewa ba wanda yake kama mata ta yi taimama, a zuci take yin sallolinta, Allah Ya karɓa. A ƙarshe tana tambaya ko an tara ɓawon ɗorawa na makuba, don lokacin yaɓe ya kusa.

Daga gindin mangwaron na kira Basira na ce ta ɗaga Inna ta duba bayanta. Ta duba, ta kira ni tana kuka. Gyambo ne ya buɗe a ƙugunta. Duk tsawon kwanakin nan tana faɗa muku, a gabanku, da bakinta, ku kuna ƙara garwashi a kasko.

Na san inda abin ya samo asali. Marigayi Baba ba ya son a yi Kyanganci a gidansa, ku kuma kuka taso kuna jin kunyarsa. Ban manta ranar da Bara'atu ta maimaita wata waƙar kakarta ka daka mata tsawa ba, ka ce yaren mutanen da ne masu tsafi, za a yi mata dariya a lakwal. Inna tana zaune a dakali da carbi a hannunta ka faɗi haka. Daga ranar ba ta sake yi wa yarinyar waƙa ba. Kana jin Faransanci, kana jin Zabarmanci, ka koyi Yarabanci don ciniki a Kwatano. Na matar da ta haife ka ne kaɗai ba ka ga amfaninsa ba. Ni 'yar Karakara, baƙuwa a gidanku, ni ce zan gane uwarka tana neman ruwa.

A sallami mai hayaƙi yau. A kai ta wajen likita ya ga gyambon. Kawu ya ce gwiwoyinsa ba za su ɗauki hanyar Yamai ba, ku kawo ta gida. Kafin nan mun shirya da Basira, za ta riƙa ɗauko mini muryarta, ni in tura wa maƙwabcin Kawu mai waya, amsa ta dawo ta hanyar da ta bi. Hanya ce mai nisa don neman kofin ruwa, amma ita muke da ita.

Yashinka yana nan a ƙofar gida, yara suna wasa a kai. Mabuɗi yana hannuna.

Allah Ya ba Inna lafiya, Ya kuma huci zuciyata a kanka.

Matarka,
Jannatu


Gaya, bazara

Baban Misbahu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Na ji gyambon Inna ya fara kamewa, alhamdu lillahi. Mu ma muna nan da rai.

Ka yi abin da kake so. Ka bari sai ranar da aka tura ni Tanda tsaron jarrabawa, ranar da ka san ba zan dawo ba sai yamma, ka aiko Baffa Hama, ƙanen marigayi Baba, ya tsaya a kan aikin don kada wani ya iya buɗe baki. An ɓalle kwaɗon da guduma.

Tun daga bakin layi na hango ƙura tana tashi daga gidanmu. Na shiga na ga sama a inda rufi yake. Sun zuba azara a tsakar gida kamar itacen girki, suna saran bango da diga. Kayan Inna an tula su a zaure, gadonta a kife, tasoshinta a cikin buhu, Alƙur'aninta da carbinta da suke cikin alkuki an ɗora a kan buhun gawayi. Randarta ta fashe. Bibata tana tsaye a bakin ƙofa da hannu a ka, tsohuwa da ita, tana kallon daɓen da suka buga tare ana farfasa shi. Baffa ya ce mini in yi haƙuri, mace ba ta jayayya da alherin da ɗa zai yi wa uwarsa.

Wani daga cikin leburorin ya fara jan azarar zai kai waje, wai an ba shi. Na je na zauna a kanta da kayan lakwal a jikina, na ce wanda zai ɗauka ya ɗauka da ni. Suka bar ta. Da ni da yara muka ja ta ɗaya bayan ɗaya muka jingine a bayan madafa. Ko ƙwaro ɗaya bai taɓa ta ba.

A daren ranar na haɗa kayana a akwati zan tafi gidanmu. Da safe na kwance. Ba don kai na kwance ba, kada ka ɗauka haka. Na tuna za a dawo da Inna gidan nan, kuma in na tafi babu mai jin ko kalma ɗaya daga bakinta.

Shekaranjiya muryarta ta sake zuwa. Kawu ya ce tana tambaya ko an yi yaɓen, kuma a gaya wa Jannatu ta duba indararon gabas, bara ya ɗan tsage. Ban yi mata ƙarya ba, ban kuma faɗa mata gaskiya ba, na ce a gaishe ta kawai. Wannan labari naka ne. Kai za ka ba ta shi, in ka sami harshen da za ka ba ta da shi.

Ginin naka yana tashi da sauri, har sun kai taga. Yara suna gaishe ka.

Jannatu


Gaya, tsakiyar bazara

Zuwa ga Baban Misbahu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina sanar da kai Inna da Basira sun iso lafiya, sai gajiyar hanya. Na ji kayanka sun maƙale a kan iyaka shi ya sa ba ka biyo su ba. Allah Ya fito da su.

Mun sa ta a sabon ɗakin kamar yadda ka ce. Zan faɗi gaskiya ko da ina fushi, makewayin ya taimake mu, ƙofar kuma keken nata yana shiga ba wahala. Sauran sai ka zo ka gani. Kafin azahar tol ya ɗauki rana, mutum yana ji kamar an kifa masa tukunya. In kuran, wutar lantarki, ya ɗauke, kuma ka san yadda yake ɗaukewa a Gaya, bantilatar, fankar nan, sai ta zama ado. Karon yana da santsi, Basira ta zame da bokiti har ta gurɗe ƙafa.

Amma ba zafin ne ya sa na ɗauki biro ba. Inna ba ta san ta zo gida ba. Da muka kwantar da ita ta dubi farin bangon, ta dubi silin, ta tambaye ni yaushe mota za ta tashi. A zatonta wani asibiti ne aka yada zango a Doso. Na ce mata nan ne Gaya, nan ne gida, da Hausa da ɗan guntun Kyangancin da nake da shi. Ta girgiza kai. Kowace safiya sai ta nuna a ɗaure mata ƙunshin kayanta a ajiye kusa da ita. Ta daina cin abinci, wai sai an isa.

Da na ga abin zai kai ta ƙasa, na ce wa Basira mu fito da ita ta ga tsakar gida. Muka turo ta waje da hantsi. Ta ga rijiya, ta ga bishiyar lemo, awakinta suka taso suna kuka. Ta bi ko'ina da kallo, sannan ta juya tana neman ɗakinta. Ta dubi inda yake, ta dubi abin da ke tsaye a wurin. Ta daɗe tana kallo. Ba ta yi kuka ba. Ta kamo hannuna da hannunta mai lafiya ta yi mini tambaya gajera, kuma duk kalmomin na san su, ban bukaci Kawu ba.

Ta ce, "Na mutu ne?"

A iya saninta, sai mutum ya bar duniya ake taɓa ɗakinsa ba a tambaye shi ba. Wannan shi ne abin mamakin da ka shirya mata, ga shi ta gani.

A ranar na kwashe kayana na mai da ita ɗakina, tun da shi na ƙasa ne. Ta shafa bangon da tafin hannu, ta yi barci har la'asar. Na aika aka ɗauko Kawu Dodo a mota, da gwiwar tasa da komai. Da ya yi sallama da harshensu ta buɗe ido ta kira shi da wani suna da ban taɓa ji ba. Suka yi ta magana har rana ta faɗi, suna yi suna dariya. Ni da Basira muna bakin ƙofa kamar baƙi. Ta sha kunu kofi guda a hannunsa.

Da gari ya waye Kawu ya zaga gidan da sandarsa, ya tsaya a kusurwar da ke kusa da lemo, ya ja layi a ƙasa. Ya ce a nan za a mai da mata ɗakinta, ƙarami, da azararta ta da. Ban nemi izininka ba, kamar yadda ba ka nemi nata ba. Mazan unguwa sun kawo jar ƙasa a amalanke, sun kwaɓa ta da ciyawa sun bar ta ta kwana. Bibata ta tattaro mata suna jan ruwa. Kawu ba ya iya hawa, yana zaune a kujera yana nunawa da sanda, amma tubalin farko da hannunsa ya aza shi.

Kullum da safe mukan shimfiɗa wa Inna a ƙarƙashin rumfa inda za ta ga aikin. Ka zo ka ga matar da aka ce ta rikice. Ita ta sa aka tayar da ƙofa daga inda Kawu ya sa ta, suka yi ta musu, ta ci shi. Ta nuna tsayin da take son alkuki don ta iya kai hannu daga kwance. Bara'atu tana zama kusa da ita tana maimaita abin da take faɗa, ban hana ta ba, ba kuma zan hana ta ba.

Sai dai ƙarfinta yana raguwa, ba zan ɓoye maka ba. Ƙafafunta sun kumbura, numfashinta yana sama-sama. Hadari kuma ya fara haɗuwa ta wajen kogi, bangon ƙasa kuwa ba a gaggauta shi, sai sahu ya sha iska ake ɗora wani. Kaya za su jira ka a kan iyaka. Ka zo ka ga mahaifiyarka.

Ina gaishe ka, duk da komai.

Matarka,
Jannatu


Gaya, farkon damina

Zuwa ga maigidana, Baban Misbahu,

Assalamu alaikum. Yaya ƙarin haƙuri? Allah Ya jiƙan Inna, Ya sanyaya makwancinta, Ya haɗa ta da iyayenta a Aljanna. Ina fatan ka koma Yamai lafiya. Masu gaisuwa har yanzu suna shigowa, mutanen Yelu sun zo jiya, sun ce a isar maka da ta'aziyyarsu. Basira tana nan tare da ni.

Ka tambaye ni a zaure ranar sadakar uku, ka sake tambayata ranar da za ka tafi, yanzu kuma ka aiko. Kana so ka san abin da ta faɗa maka. Na yi shiru ba don in hukunta ka ba, ina ta juya abin a kaina ne ko zan ƙara tuno wani abu. Ga iyakar abin da nake da shi.

Ka tuna yadda aka yi. Ka iso da yamma, ka durƙusa a gaban tabarmarta ka gaishe ta. Ta gane ka nan take, ta riƙe maka wuyan hannu ta fara magana. Ta daɗe tana yi, tana tsayawa ta ja numfashi ta ci gaba, idonta a kan fuskarka. Kai kana ta waiwayo ni. Kawu Dodo kuwa ya koma ƙauye tun da aka yi ruwan farko don ya tsaya a kan shuka, da niyyar dawowa bayan kwana biyu. Ni da Basira muna kuka, ba wadda ta tuna da waya a cikinmu. Da gari ya waye ta cika.

Na ji ta kira ka Nazifi, ta kuma kira ka da sunan da take kiran jarirai. Na ji kalmar ruwan sama. Na ji goyo. Na ji ta ambaci Baba marigayi, na ji ta ce kada, amma ban san kada me ba. Kusa da ƙarshe ta ambaci sunan Allah, ta faɗi yara. Shi ke nan. Magana ce mai tsawo, ta tara ta ne ta ajiye maka, ni kuwa abin da na iya na tsakar gida ne, na ruwa da wuta da awaki.

Na je wajen Kawu na yi ƙoƙarin maimaita masa sautin yadda kunnena ya riƙe. Ya saurara da haƙuri, ya sa na sake, sannan ya ce 'yata, waɗannan ba kalmomi ba ne, bakinki ya riga ya narkar da su.

Na san abin da kake so in ce. Kana so in ce ta yafe maka. Da zan iya da na rubuta maka haka ka samu barci, ba kuma wanda zai ƙaryata ni. Amma an yi wa matar nan magana a madadinta ya isa, ba zan ƙara nawa a kai ba. Abin da idona ya gani shi ne ba ta saki hannunka ba har ta gama, kuma muryarta ba ta mai faɗa ba ce. Ko yafiya ce, ko wasiyya, ko labarin ranar da ta haife ka, ita da Allah suka sani. Babu wanda za ka tambaya, Baban Misbahu. Ni ma abin yana hana ni barci, kuma in na ce maka fushina ya huce na yi ƙarya. Ina tausayinka, ina kuma jin haushinka, duka biyun a lokaci guda, ban san wanda zai riga tafiya ba.

Saura zancen ɗaki. Bango ya kai inda za a aza azara aka tsaya, ba ta kwana a ciki ba ko sau ɗaya. Mun rufe kansa da zana da leda, amma ruwan shekaranjiya ya fara cin kusurwar arewa. Baffa Hama ya ce a ture shi a huta tun da mai shi ta tafi. Bara'atu ta ce ita za ta zauna a ciki. Na tambayi Kawu, ya ce ya gina wa ƙanwarsa ɗaki sau biyu a gidan nan, na farko an rushe ba a gaya masa ba, na biyu ba zai ƙara aza ko tsinke ba sai mai gidan ya taka ya je ƙauye da ƙafarsa ya ce masa ya ƙarasa. Ya kuma ce in ka je, kada ka zo da gaggawa, akwai abubuwa game da mahaifiyarka da shi kaɗai ya rage ya sani, shi ma kuma ba yaro ba ne.

Ba zan je maka ba, ba zan kuma roƙe ka ba. Gidanka ne, uwarka ce, kawunka ne. In ka ce a ture, ka zo ka ture da hannunka, kada ka aiko kowa. In kuwa za ka je wajensa, ka je tun ruwa bai gama da bangon ba.

Misbahu da Bara'atu suna gaishe ka. Bibata ta ce a yi maka ya haƙuri. Allah Ya jiƙan Inna, Ya kyauta namu zuwan.

Matarka,
Jannatu